Daga Kano Zuwa Kuru: Waiwaye Kan Hanyar da Kuza Ta Buɗe

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos ya san wurin da fasinjoji ke rufe gilashin mota. Da an wuce Jengre, mota ta fara nishin hawa, direba ya sauko da giya, sai ka ji wata iska mai tsinin allura ta shigo, mata suna jawo mayafi suna lulluɓe jarirai, maza suna laluben rigar sanyi a jaka. Daga nan itatuwa za su fara ja da baya, ƙasa ta buɗe, ciyawa ta shimfiɗu iyakar ganinka, ga duwatsu wani kan wani kamar da hannu aka jera su. Ni a daidai nan nake jin na iso gida, alhali da sauran tafiyar fiye da awa guda kafin a ratsa Jos, a wuce Bukuru, a sauka a Kuru.

A Kuru aka yanke mini cibiya. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a tashar garin, kakana kuma leburan kuza ne da ya taso daga ƙasar Kano da ƙafarsa. Mu uku mun bi hanya ɗaya, amma kowa da irin tafiyar da ya yi a kanta. Da na sake bin ta a hunturun da ya wuce, na matse a kujerar baya ta wata Sharon tsakanin buhun busasshiyar kuka da wani ɗalibin jami'a, sai na riƙa lissafin waɗanda suka riga mu taka ta, da abin da ya fito da su.

Mun tashi daga tashar Unguwa Uku bayan sallar asuba, muka bi titin Zariya har Kwanar Ɗangora, muka karya hagu muka nufi Tudun Wada da dajin Falgore. A nan mota kan yi tsit, masu barci na barci, masu jan carbi na ja, don dajin ya yi suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu a shekarun baya. Kaɗan ne a cikin motar suka san cewa a wannan yanki, cikin ƙasar Doguwa, akwai garin da labarin hanyar ya faro daga gare shi, wato Riruwai. Tun Bature bai san da wani wuri wai shi Jos ba, mutanen Riruwai suna wanke kuza a rafi, su narka ta da zuga-zugi, su zuba ruwan dalmar a 'yan siraran ramuka da suka fitar da karan ciyawa. In ta huce sai ta fito siri-siri kamar tsinken tsintsiya, a ɗaure ta dami-dami, fatake su ɗora wa jakai zuwa kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni, inda maƙeran fari ke shafe kwanonin tagulla da ita. Wasu daga cikinsu ma sun yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, suka kafa Liruwen Dalma, suka ci gaba da sana'ar.

Saman tsaunin kuwa yana da masu shi, kuma wannan magana ce da ya kamata mu Hausawa mu riƙa faɗa da bakinmu ba tare da an matsa mana ba. Birom da Anaguta da Afizere da Irigwe da Rukuba suna nan da gonakinsu na acca, da ƙauyukansu da suka kewaye da shingen ƙerana, da 'yan gajerun dawakinsu da suke hawa ba sirdi. Rundunonin Bauchi da na Zazzau sun yi ta kai hari gindin tsaunin a ƙarni na 19, wasu al'ummomin bakin dutse suka yi amana suna ba da gaisuwa, amma ƙololuwar ba ta taɓa shiga hannun kowa ba. Saboda haka bafatake ya fi bin gefe-gefe. Ƙasar ciyawar nan da muke ratsawa yau cikin minti arba'in, a da ba kowane baƙo ke shigarta ya fita ba.

Tsinkayen dalmar nan su suka tona asirin ƙasar. Wakilan Kamfanin Neja sun gan su a kasuwannin bakin Binuwai, suka riƙa tambayar daga ina suke fitowa. A 1902 kamfanin ya turo masu bincike, a 1903 wani injiniya mai suna Laws ya biyo baya, ba a daɗe ba ya kafa sansani a Naraguta, kusa da inda Jami'ar Jos take yanzu. Da rakiyar soja suka hau tsaunin, ƙauyukan da suka tsaya kare ƙasarsu kuma suka sha wuta. Da haka aka buɗe hanyar, kuma duk wanda ya ci arzikinta daga baya, har da gidanmu, ya kamata ya san da haka.

A shekarun farko babu jirgi babu mota, sai kan ɗan Adam. 'Yan dako ke ɗaukar kuza daga Naraguta zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar wajen mil 200, daga can a zuba ta a jirgin ruwa zuwa teku. In za su dawo su ɗauko injuna da aka warware gunduwa-gunduwa, da gishiri, da kayan gwangwanin Turawa. Da kasuwar hannun jarin kuzar Najeriya ta yi zafi a Landan wajen 1910, kamfanoni suka yi ta kwararowa, sai ya zama kawunan mutane ba za su iya ba. A 1911 jirgin ƙasa daga Baro ya iso Kano ta Zariya, nan da nan aka fara jan wani ɗan reshe daga Zariya zuwa filin kuza. Ya kai Rahama, nan kusa da Saminaka, a 1912, ya hau dutse ta Jengre ya kai Jos da Bukuru a 1914. Faɗin layinsa ƙafa biyu da rabi ne, babban layi kuwa ƙafa uku da rabi, don haka duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodi. Turawa sun sa masa sunan Bauchi saboda a lokacin tsaunin yana cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Shi dai jirgin har ya mutu bai taɓa ganin garin Bauchi ba.

Kakana bai hau shi ba a zuwansa na farko, don ba shi da kuɗin tikiti. Kuɗin haraji ma ya fito nema. Bayan an gama girbi suka taso su bakwai daga ƙauyensu, kowa da gora da tabarma da ɗan ƙullin garin gero, suka yi kwana tara a hanya, suna kwana a zauren sarkin kowane gari. Abin da bai taɓa mantawa ba shi ne daren farko a kan tsauni. Ya ce da taguwa ɗaya ya zo, ya kwana yana karkarwa a bakin wuta, da gari ya waye ya taɓa ruwan alwala ya ji kamar an sare masa yatsu. Niyyarsa ya yi rani ɗaya ya koma. Aikin kuwa shi ne ka cika kwano da ƙasa a ƙasan rami, ka ɗora a ka, ka hau, ka juye a magudanar wanki, ka koma, tun safe har yamma, ranar biya a ƙirga maka 'yan sulalla a tafin hannu. Rani ɗaya ya zama biyu, ya zama shugaban leburori, ya aika aka kawo masa kakata, ita ce ta zo a ɗan jirgin. Takan ce tun hantsi suka bar Zariya, suka bi Soba da Dutsen Wai, ba su ga Jos ba sai da dare ya raba, kuma a hawan dutse samari kan sauka su taka da ƙafa su sake kama shi a gaba.

Dubban irinsu ne suka cika barikokin kuza, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, har da Zabarmawa da mutanen Damagaram da suka gudo wa harajin Faransa. In kana son shaida, karanta sunayen da ke jikin allunan hanya: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Mai Adiko, Sabon Gida, Dogo Nahawa. Sunayen Hausa ne a tsakiyar ƙasar Birom, kowanne bariki ne ko zangon leburori da ya zama gari. Su kuwa masu ƙasar, gonakinsu aka ba kamfanoni haya, aka farke su da ramuka, diyyar da aka ba su ba ta taka kara ta karya ba. Da ƙasar noma ta yi ƙaranci, su ma suka shiga ramin, mata da maza, suna ɗaukar kwano kafaɗa da kafaɗa da baƙin. Tushen zaman tare yana nan, tushen ƙorafin ma yana nan.

Mafi munin tafiyar da aka taɓa yi a kan wannan hanya ita ce ta lokacin yaƙin Hitila. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar ma'adanar kuzarta, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka ɗora wa sarakuna da hakimai kawo mutane aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Aka riƙa kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana turo su tsauni ba bargo ba isasshen abinci, ga sanyi ga cuta. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Kakana ba ya son zancen shekarun nan. Abin da kawai yakan ce shi ne ya yi wa mutane sutura da yawa waɗanda bai san sunan garinsu ba, balle a aika wa danginsu.

Kafin wannan lokaci Kuru ta riga ta samu tasha. A 1927 babban layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, ya jawo reshe daga Kafanchan ya hau tsauni ta kudu, ya bi ta Kuru da Bukuru ya tsaya a Jos. Shi ya riƙa kawo gawayin Inugu na injunan haƙa, ya kwashi kuza kai tsaye zuwa bakin teku ba sauke-sauke. Ya kuma kawo Ibo da Yarabawa da Urobo, akawuna da makanikai da 'yan tireda. Tun daga ranar ɗan jirgin Zariya ya fara tsufa, ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957. Titin motar Zariya zuwa Jos na yau kusan sawunsa yake bi, wasu daga cikin kawunansa da taragunsa kuma suna ajiye a gidan tarihi na Jos. Duk lokacin da na kai yara can nakan nuna musu, in ce ga abin da ya kawo kakar babanku.

Ranar Kuru ta fito ne da aikin layin Barno. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 don gyaran reluwe da jan sabon layi, rancensa na farko ga Najeriya, aka kuma zaɓi Kuru ta zama inda layin zai rabu. Daga nan ya gangara ya kai Bauchi a 1961, Gwambe a 1963, Maiduguri a 1964, tsawon wajen kilomita 640. Ɗan ƙaramin garin da ke zaune sama da mita 1,200 daga teku ya wayi gari mahaɗa: jirgin Maiduguri da na Fatakwal da na Kaduna duk sai sun gaisa da shi. Gyaɗa da auduga da fatu da shanun Barno duk ta ƙofar gidanmu suke wucewa.

A wannan aikin mahaifina ya samu shiga reluwe, aikinsa sauya wa jirgi layi. Har yau ina ganin fitilarsa ta hannu, mai gilashi ja da kore, yadda yake goge ta da tsumma kowace yamma, ya datse lagwani, ya zuba kananzir, ya sa kabbarsa mai nauyi ya fita cikin hazo. In jirgin dare ya kusa, ƙarfen layi ke fara gaya maka, wani siririn kuka da kake ji a tafin ƙafa kafin kunne ya ji. Sai tasha ta farka gaba ɗaya. Matan Birom da dafaffen dankalin Turawa da gasasshiyar masara, 'yan matan Fulani da ƙwaryar nono, mai shayi yana fifita wuta, mu yara muna bin tagogi da ƙwai a faranti. Fasinjan da ya taso daga zafin Gwambe yakan leƙo yana haɗa haƙora, ya sayi shayi kofi biyu a jere. A barikin ma'aikata kuwa ɗakinmu na jikin na wani Tibi, gaba da mu Bayerabe, bayanmu gidan wata Ngo, kamar yadda Birom ke kiran uwa mai daraja, wadda mijinta ke gyaran layi. Ita ta karɓi haihuwata, don daren da naƙuda ta kama innata babu motar zuwa asibitin Vom. Ba na cewa zamanin ba shi da tabo. Mahaifina ya ga 1966 da idonsa, ya ga taragu cike da Ibo maƙwabtansa suna gudun kisa zuwa gabas, kuma har ya rasu in ya tuna sai ya yi shiru.

Daga nan sai mota ta karɓe hanya. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya shimfiɗa kwalta, kamfanin haɗa Fijo ya buɗe a Kaduna a 1975, tashar mota ta cika da 504 mai ɗaukar mutum bakwai. Tafiyar da kakana ya yi a kwana tara, kakata ta yi a yini da rabin dare, ni na riƙa yin ta a awa huɗu ina ɗalibi a Kano: kilomita wajen 300, a ci masara a Saminaka, a yi azahar a Jos. Direbobi da yaransu suka zama sarakunan hanya, har Ɗan Maraya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙar da ta fito da shi duniya. Wannan sauƙi ya yi mana daɗi, amma shi ya cinye jirgin. Kaya suka koma tirela, fasinja suka koma Fijo da Hayis, reluwe ta fara bin ma'aikatanta bashin albashi, jirgin da ke zuwa kullum ya koma na mako-mako, daga baya sai in an gan shi.

Kuzar ma ta bi sahu. Ta saman ƙasa ta ƙare, ta ƙasa tana son jari mai yawa, Turawan kamfanoni suka tattara bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, sannan a Oktoban 1985 farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Abin da aka bar wa ƙasar shi ne tuddan jar ƙasa da ɗaruruwan tafkuna masu zurfi da ke cin yara da shanu duk shekara. Mutane dai ba su zauna ba. Yau a bakin tafkunan nan za ka ga injin ban ruwa yana tari, ga kabeji da karas da tumatur da koren wake kore shar a tsakiyar rani, ana lodinsu zuwa Abuja da Fatakwal. Samari kuma na ci gaba da sauka ramuka da igiya da tocila a goshi suna neman abin da kamfani ya bari, ramin yakan rufta da wasu.

A daidai lokacin da tashar jirgi ke mutuwa ne sunan Kuru ya shiga bakin manya ta wata ƙofar. A 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa a nan, inda ake tara manyan hafsoshi da manyan sakatarori da shugabannin ma'aikatu su yi kusan shekara suna nazarin matsalolin Najeriya, su fita da harufan mni a bayan sunansu. Janar Babangida na cikin waɗanda suka fara zama a can. A Abuja in aka ce wane ya tafi Kuru, cibiyar ake nufi. Mutanen cibiyar kuwa yawanci ta filin jirgin sama na Heipang suke sauka, ko su zo ta Akwanga a mota mai baƙin gilashi. Hanyarmu ta Falgore da Saminaka ba tasu ba ce.

Da arziki ya janye, sai tambayar da aka daɗe ana rufewa ta fito fili: ƙasar ta wa ce, wa zai yi shugabancin ƙaramar hukuma, wa za a ba takardar shaidar ɗan asalin wuri. An raba Jos ta Arewa da Jos ta Kudu a 1991, aka yi hargitsi a 1994, sannan ranar 7 ga Satumban 2001 gari ya kama da wuta. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. Rikici ya sake ɓarkewa a Nuwamban 2008. A Janairun 2010 abin ya iso ƙofarmu: a Kuru Karama, tsohon barikin kuza, aka kashe Musulmi aƙalla 150 bisa ƙididdigar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, aka tsamo gawarwaki daga rijiyoyi. Ranar 7 ga Maris na shekarar aka afka wa Dogo Nahawa da ƙauyukan kusa da ita cikin dare, aka kashe ɗaruruwan Birom, yawancinsu mata da yara. Na san mutane a cikin waɗanda aka rasa a Kuru Karama, Ngo ma ta rasa dangi a ɗaya ɓangaren. Wanda duk ya ba ka labarin ɗaya ya ɓoye ɗaya, ba ya nufin ƙasar nan da alheri.

Tun daga lokacin tsawon hanyar ya canza. Kilomita ba su ƙaru ba, amma direba yanzu yana lissafin unguwar da zai ratsa da wadda zai kauce wa, fasinja yana tunanin ko ya cire hula ko ya bar ta, shingen jami'an tsaro kuma ya yawaita. An tare matafiya a hanya an kashe su don sunansu ko shigarsu, daga kowane ɓangare, kamar yadda aka yi wa masu dawowa daga zikiri a Bauchi a hanyar Rukuba a Agustan 2021. A ganina wannan ita ce asara mafi girma da ta samu hanyar tun da aka buɗe ta, ta fi mutuwar jirgi, ta fi faɗuwar kuza. Kakana ya shigo ƙasar da bai san kowa ba, ya kwana a zauren mutanen da ba ya jin yarensu, ni kuwa da aka haifa a cikinta sai na duba agogo kafin in shiga garinmu. Duk da haka ba a rasa na Allah ba. A Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su.

A wannan zuwan mun shafe awa shida da rabi, saboda ramuka da shingaye da tayar da ta fashe mana bayan Doguwa. Kuɗin mota kuma ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Na sauka a Bukuru wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta baro Kuru tun 2010 ba ta sake kwana a can ba. Da safe ta ƙulla kuka da daddawa da goro a leda ta miƙo mini.

"Ungo, ɗan nan, ka kai wa Ngo. Ka ce ina gaishe ta, ƙafa ce ta hana ni. Kada ka bari la'asar ta yi maka a can."

Na ce, "To, Gwaggo, in Allah ya yarda."

Na sami Ngo a tsakar gida tana sheƙar acca, ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa.

"Ɗana, kai ne? Ka tuna da ni? Ina mamarka ta Bukuru, har yanzu tana fushi da garinmu?"

Na ce, "Ngo, ba fushi ba ne, tsufa ne da tsoro."

Ta yi shiru, sannan ta ce in gaya mata ɗakinta na nan. Ta sa jikarta ta auno mini acca mudu biyu da dankali rabin buhu, ta hana ni sa hannu a aljihu. Daga gidanta na taka zuwa tasha. Ginin na nan, allon sunan garin na nan, ƙarfen da mahaifina ke ja ya sauya layi na nan ya yi tsatsa, awaki na kiwo a kan reshen da ya nufi Bauchi. Jirgin nesa, na Maiduguri ko na Fatakwal, ya daɗe bai bi ta nan ba. A Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mutanen Kuru na nan suna zuba ido.

Kirana ga manyan da ke zuwa cibiyar Kuru kowace shekara shi ne su ware yini ɗaya daga cikin watanninsu, su taka zuwa tashar nan da ba ta da nisa da ɗakin karatunsu, su zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe da masu noman bakin tafki da waɗanda aka raba da gidajensu ta kowane ɓangare, sannan su sa maganar layin nan da tsaron matafiya a rahoton da suke miƙa wa shugaban ƙasa. Ku kuma 'yan'uwana da aka haifa a barikokin kuza kuka watsu a Kano da Bauchi da Kaduna, in kuna da wata Ngo da ta rage a raye, ku shiga mota ku je ku gaishe ta tun tana gane muryarku.